Takardar Mai Gida

Saura kwana tara Kirsimeti.
Wuta ta ɗauke tun la'asar,
Agege ta cika da kukan janareto,
ni kuwa ƙafata ce ke tuƙa keken ɗinki.
Riguna goma sha ɗaya a kan igiya,
kowace da sunan mai ita maƙale da allura.
Babu tawa a ciki.

Shekaranjiya mai gida ya aiko takarda:
ɗansa zai yi aure, ana son ɗakin.
Wata uku, da jan hatimi a ƙasa.
Na ninke ta huɗu, na cusa a Littafina,
inda na saba ajiye abin da ya fi ƙarfina.

Yau na buɗe don addu'ar dare,
sai ta zame, ta faɗo a cinyata
daga shafin da ake labarin Baitalami,
daidai wurin da masauki ya cika.

Na san labarin nan tun ina yarinya a Zonkwa.
Mun yi wasansa a gaban majami'a,
ni ce tunkiya, an liƙa min auduga a baya,
Malama Rahila tana harara kada in yi dariya.
Amma ban gane shi ba
sai da na taka daga Dopemu zuwa Abule Egba
ina bin dillali mai takalmi fari.
Kuɗin duba ɗaki daban, kuɗin yarjejeniya daban,
na shekara biyu a dunƙule.
Wani ya ji harshena, ya dube ni sama da ƙasa,
ya ce ai an kama tun safe.

Yusufu, yanzu na san ciwon ƙafarka.
Na san yadda murya ke ƙanƙancewa
a ƙofa ta biyar.
Maryamu, ke da ciki wata tara,
me kika ce masa da ya juyo hannu wofi?

Ya Ubangiji,
kai da ka shimfiɗa tekun Legas kamar yadi,
ka yanka sararin sama ba tare da awo ba,
ka yi wa dare ado da ƙananan maɓallai,
kai ne ka zo neman wurin kwana
a garin da ka halicci ƙasarsa?
Da ka so, da ka sauka a bene mai hawa ashirin.
Sai ka zaɓi kwamin dabbobi
da ɗan ƙyallen da uwa ta samu.
Ni tela ce, na san ƙyalle:
abin da ya rage bayan an gama da masu kuɗi.
A cikinsa aka naɗe ka.
Wannan ƙauna ta fi ƙarfin tunanina,
na dai riƙe bakinta kamar lefe.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa.
Iya Folake ce, da guntun kyandir a hannu.
Ta ce, Dinatu, ƙanwata na da ɗaki a Oko-Oba,
bayan kara, kusa da mayanka.
Ba tsada, sai dai fa warin shanu.

Na yi dariya har hawaye ya zubo,
ta tsaya tana kallona kamar na zautu.
Ta yaya zan faɗa mata
cewa na san wani da ya fara kwana a irin warin nan?

Ran Asabar zan je in gani.
Wataƙila rufin na yoyo, wataƙila an riga ni.
Yanzu dai saura hannu biyu da wuya ɗaya
a rigar 'yar Mama Tabita.
Na mayar da takardar inda ta fito,
na kunna kyandir,
na ɗora ƙafa a kan keke.